Manhajar atisayen lissafi: inda take kayar da yaron da ya ba da amsa daidai

Wannan sharhi ne kan wata manhajar atisayen lissafi ta intanet da muka yi aiki da ita zango guda tare da ɗaliban CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, da na ajin farko na kwaleji a Tawa. A ɓangaren tarawa, ɗebewa da ninkawa na cikakkun lambobi ba mu ga aibinta ba. Tana buɗewa da sauri ko a ƙaramar salula, kuma ba ta cin kuɗin intanet sosai. Damuwar tana babin kashi-kashi, wato su rabi, sulusi da rubu'i, da babin lambobi masu waƙafi.

Babbar matsalar ita ce waƙafin kansa, wanda yara ke kira birgil. Makarantunmu tsarin Faransa suke bi, biyu da rubu'i uku 2,75 ake rubuta shi, masu Ingilishi kuwa ɗigo suke sawa, 2.75. Tambayoyin manhajar da Faransanci suke, amma akwatin amsa ɗigo kawai ya sani. Alamu sun nuna da umarnin parseFloat na JavaScript, wani harshen rubuta manhaja, take karanta amsa, shi kuwa yana bin lamba ne har ya tarar da alamar da bai gane ba, sai ya tsaya nan. Saboda haka 2,75 ya koma 2, 0,5 ya koma sifili, 1 250,5 kuma ya koma 1 saboda gurbin da muke bari a dubbai. Gwajin da zai tabbatar maka mai sauƙi ne: nemi tambayar da amsarta 3 ce, ka rubuta 3,9. In ta ce daidai, to zubar da duk abin da ke bayan waƙafi take yi. Mun gwada, ta karɓa. Wannan ya fi ƙin amsar gaskiya muni, don yaro zai tafi da kuskure yana murna.

Gyaran shi ne a mayar da waƙafi ɗigo, a cire gurbin dubbai kafin a karanta lambar. Sai dai cire gurbi ba a yinsa da ka. Yaron da ya rubuta biyu da rabi a matsayin 2 1/2, in aka share gurbin ya zama 21/2, wato 10,5. Dole a fara duba ko akwai layin rabawa a cikin amsar.

Abu na biyu, wasu tambayoyin rubutu suke gwadawa da rubutu, ba ƙima da ƙima ba. An ajiye 1/2 a matsayin amsa, yaro ya kawo 2/4 ko 3/6, an kayar da shi. An ajiye 0,5, ya rubuta 0,50, haka nan. Hanyar da ta dace duk malami ya san ta: a ninka lambar saman ta farko da lambar ƙasan ta biyu, a yi haka ta ɗaya ɓangaren. Ga 2/4 da 1/2, 2 sau 2 huɗu ne, 4 sau 1 huɗu ne, ke nan daidai suke. In ana son yaro ya rage kashin har ƙarshe, tambayar ta faɗa, saƙon kuma ya ce masa ƙimar ta yi, saura ragewa. Jan tambarin kuskure kawai ba ya koya masa komai. Wannan rashin kula ne ke sa a tambayar zaɓi a ga 2/4 da 3/6 cikin jeri guda, ɗaya kaɗai ake karɓa.

Na uku ba laifin wannan manhaja ce ita kaɗai ba. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, bisa ƙa'idar ajiye lambobi masu waƙafi da ake kira IEEE 754, ta 1985. Yadda sulusi ba ya ƙarewa a rubutunmu, 0,333 har abada, haka ushuri ba ya ƙarewa a nata. Shi ya sa tara 0,1 da 0,2 ke ba ta 0,30000000000000004, sai ta ƙi 0,3 ɗin yaro. Maganinsa a ninka lambobin da 10 ko 100, a yi aikin da cikakkun lambobi, ko a yafe bambancin da bai kai ɗaya cikin miliyan ba.

Akwai kuma 2/3 da take so 0,67 ba tare da ta faɗi ko a yanke ko a kai ga mafi kusa ba, alhali 0,66 ma amsa ce in yankewa ake nufi.

Don atisayen gida manhajar ta yi, amma kada malam ya ɗauki makinta ya sa a takardar sakamako. In yaro ya ce an zalunce shi, a fara yin lissafin a allo. In amsarsa ta fito, a sake shigar da ita da ɗigo maimakon waƙafi, sannan a rage kashin, sannan a cire sifilin ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya don a gane wanne ne ya warware. Wajen kai ƙara ga masu manhajar, a haɗa hoton allon salula, lambar tambayar, amsar yadda aka buga ta harafi da harafi, da harshen da aka saita salular a kai, domin shi ke sa wasu maɓallan lambobi su nuna waƙafi, wasu ɗigo.