Garejin da aka canza min wota fom a Gumel, ga yadda muka kwashe

Jama'a masu tambayata ina na kai Golf ɗina bayan ta tsaya min ranar kasuwar Maigatari, to ga bayani, ku bar kirana da daddare don Allah. Motar Golf 3 ce wagon, ta kwana biyu kam, ai tun shekarun 1990 aka ƙera irinsu, amma ita nake ɗibar fasinja da buhunan riɗi daga ƙauyenmu zuwa Gumel, ranar Alhamis kuma mu wuce Maigatari.

Kusan sati biyu ina jin wata ƙara ƙiii-ƙiii daga gaban injin musamman da asuba, ni duk zatona fanbel ne ya saki, kuma kullum sai na ƙara ruwa kusan rabin jarka, in na faka da daddare da safe sai in ga ƙasa ta jiƙe, amma nake ta cewa bari kasuwa ta wuce tukunna. Ranar nan muna dawowa da la'asar sakaliya, ga zafin watan Afrilu, kawai na ga allurar agogon zafi ta doshi ja, hayaƙi fari ya turnuƙe daga bonet. Allah ya taimake ni na kashe ta nan take. Wani dattijo a baya har yana cewa direba kwara mata ruwan sanyi mu tafi, na ce Baba yi haƙuri, in aka zuba ruwan sanyi a injin da ya yi jawur ai kan silinda ne zai iya tsagewa.

Janta aka yi zuwa wani gareji a bayan tasha, ƙarƙashin darbejiya. Ogan wajen dattijo ne mara yawan magana. Abin da ya fara burge ni, bai ce a sayo komai ba sai da ya jira ta huce, ya sassauta bel ɗin, ya kama fulin wota fom ɗin (wato wilin da bel ke juyawa a jikin famfon da ke zagaya ruwa cikin injin) ya girgiza, ya ce min zo ka taɓa da hannunka. Wlh yana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya ce boris ne ya ci, wato abin da sandar famfon ke juyawa a kansa, shi ne ƙarar da kake ji. Sannan ya haska min wani ɗan rami a ƙasan famfon, duk ya yi tsatsa ja-ja da farin gishiri, ya ce ta nan ruwanka ke gudu, masu ƙerawa ne suka bar ramin da gangan don in sil ɗin ciki, wato abin da ke tare ruwa kar ya yoyo, ya mutu ruwa ya ɗiga waje mai mota ya gani.

Da aka ciro shi kuwa, farfelar da ke tura ruwa tsakanin injin da lagireto duk tsatsa ta cinye fukafukanta, kamar tsohuwar fartanya. Ya kalle ni ya ce ɗan nan ruwan me kake zuba mata? Na ce na rijiya, wani lokacin fiya wata. Ya girgiza kai kawai. Wai ruwan rijiya gishirin da ke cikinsa ne ke daskarewa ya toshe hanyoyin lagireto, kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, kuma ba abin da ke hana ƙarfe tsatsa a cikinsa. Kulant, wato ruwa mai kala na musamman da ake zuba wa lagireto, shi ke hana wannan, kuma ba ya saurin tafasa. Ya kuma ja min kunne kar in gauraya shuɗi da ja, G11 da G12 kenan, in zaɓi ɗaya in tsaya a kai.

Inda muka ɗan yi musu shi ne tamostat. Ashe tawa babu shi ma, an daɗe da cirewa, kuma an haɗa fanka kai tsaye, da ka kunna mota take juyawa. Mu dai haka muka taso muna ji, wai ƙasar zafi ba ta bukatarsa. Oga ya ce shi ne ke riƙe ruwa har injin ya kai zafin da ya kamata, wajen digiri 87 ya buɗe, in babu shi mota na daɗewa ba ta ɗumama ba kuma tana ƙara shan mai. Da jin zancen mai na ce a saka, kun san halin da ake ciki.

Kaya kuwa zaɓi biyu ya ba ni, na Beljiyam ko sabo, ya ce shi a wota fom ba ya son na hannu tunda ba ka san daɗewar sil ɗinsa ba. Aka yi waya Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano, aka sako sabo a motar haya, da gasket ɗinsa da bel. Na tsaya a kansu, ya kankare mazaunin tas kafin ya ɗaura, bai lafta gam ba, notocin ma bi da bi ya ɗaure su. Suka wanke lagireto har ruwan ya daina fitowa kamar kunun kanwa, aka zuba kulant, ya bar ta tana aiki yana matsa tiyon sama da hannu har iska ta gama fita.

Abin da bai min daɗi ba, jira. An ce azahar ɗin Juma'a, sai Asabar da yamma na karɓa, na yi asarar lodin kwana biyu. Yaransa kuma sun bar min baƙin mai a sitiyari da kujera, ɗaya ma ya manta sifana mai lamba 13 a cikin bonet, sai a gida na ji tana ƙwaram-ƙwaram. Kuɗin aiki bai tsawwala ba gaskiya, kuma ya miƙo min tsohon famfon a leda ba tare da na tambaya ba.

Yau sati biyar kenan, Maigatari sau biyar da cikakken lodi, allura tana tsakiya, ban ƙara ko kofi ɗaya ba. Sifanar tana nan a wajena, in na shiga Gumel jibi zan mayar musu.