Rank Math ya hutar da ni canza shekara

Gaskiya fulogin ɗin nan Rank Math, ƙarin manhaja da ake sakawa a WordPress (manhajar gina shafin intanet) don rubutu ya fito a binciken Google, ya burge ni. Da duk Janairu sai na bi rubuce-rubucena ɗaya bayan ɗaya ina canza shekara a taken kowanne har idona ya yi ja, yanzu kuwa %currentyear% kawai na saka sau ɗaya a madadin shekarar, a gurbin taken da ke fitowa a Google, shekara na juyawa shi ma ya juya da kansa, haka %title% ke kawo taken rubutu, %sitename% kuma sunan shafi, kuma ko a na kyauta akwai su. Sai dai alamar % ɗaya ce gaba da baya, ba bibbiyu irin na Yoast (wani fulogin mai irin wannan aiki) ba, ni nan na fara cakuɗa su. Abin da ke cikin rubutun kam ba ya taɓawa, in ya tsufa kai za ka zauna ka gyara.