Caja ko katin SD: wanne ke wahalar da Raspberry Pi 4?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaramar kwamfutarka Raspberry Pi 4 wata rana ta tashi, wata rana ta ƙi. In ta tashi Wi-Fi ya yi ta yankewa, allon kuma ya ɗauke ya dawo. Kana tambaya katin SD, wanda manhajarta ke ciki, za ka canza ko caja. Ni caja nake zargi, amma bari mu jera su biyun mu gani.

Fara da ƙananan fitilu biyun nan na kusa da ramin caja. Jar ta wuta ce, koriyar kuma ita ke nuna ana karanta kati. Pi 4 tana buƙatar 5.1V da 3A, kuma da zarar wutar ta sauka ƙasa da kimanin 4.63V, jar fitilar sai ta ɗauke. Lalacewar kati ba ruwanta da jar. Koriyar ce ke ba da labari, da ƙidaya: in ta ƙifta sau huɗu ta huta ta sake, ba a ga fayil ɗin tayar da ita mai suna start4.elf ba, in sau bakwai ne, kernel, wato zuciyar babbar manhajar, ne babu.

Amma abin da ya fi raba min su shi ne hali. Katin da ya lalace yakan tsaya kan magana ɗaya, inda ya maƙale jiya nan zai maƙale yau. Ƙarancin wuta kuwa ba shi da alƙibla. Kwamfutar za ta tashi lafiya lau, kana jona mata faifan USB sai ta mutu ta sake kunna kanta. Abin da ka kwatanta ya fi kama da wannan. In ta yarda ta tashi, buɗe Terminal, inda ake rubuta umarni, ka rubuta vcgencmd get_throttled. Amsar 0x0 lafiya ke nan. 0x50000 na nufin wuta ta taɓa yin ƙasa tun da aka kunna, 0x50005 kuwa yanzu haka tana ƙasa.

Kada rubutun jikin cajar waya ya ruɗe ka. Da yawa daga masu saurin caji ƙarfinsu a 9V yake, Pi kuma 5V kaɗai take karɓa. Kebul ma yana cin nasa rabon. Na taɓa sake rubuta kati sau uku a dare ɗaya ina ta tsine masa, ashe wani siririn kebul ne mai tsawon mita biyu. Ina sa gajere mai kauri, jar fitilar ta tsaya cak.

A batun Wi-Fi, kati ba shi da wani hannu sosai, sai dai in ka rubuta sabo ba ka zaɓi ƙasar da kake ba, to Wi-Fi zai zauna a kulle. Yankewa jefi-jefi aikin wuta ne, ko kuma wani ɓarawon na uku: na'urar da aka jona a shuɗin ramin USB 3.0 tana yi wa zangon Wi-Fi na 2.4GHz hayaniya. Mayar da ita baƙin ramin, ko ka koma 5GHz.

Allo kuma, duba irin ɗaukewar. In ya tsaya kan launukan bakan gizo bai wuce ba, koma wa katin. In hoto na zuwa yana tafiya, wuta ce ko ɗan mahaɗin micro-HDMI mai araha. Yi amfani da ramin HDMI0, wanda ke maƙwabtaka da caja, ka kuma kunna allon kafin kwamfutar. Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: zare katin gaba ɗaya ka kunna. Pi 4 mai sabon bootloader, wato ƙaramar manhajar da ke fara tayar da ita, za ta nuna shafin bayanai a allo, ka san ke nan ita kanta da HDMI ɗin ƙalau suke.

Abin da ya sa na ce caja tukuna shi ne, wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar rubutu ita ce ke ɓata fayilolin kati. Ka sa sabon kati a kan tsohuwar caja, shi ma ba zai daɗe ba. Sami caja mai 5.1V 3A, sake rubuta tsohon katin da manhajar Raspberry Pi Imager, ka bar ta a kunne kwana biyu. In get_throttled na ba da 0x0 amma koriyar fitila na ci gaba da ƙidaya, sannan ka sayi kati.