Jema, Gora ko Itatuwa: Wace Shuka Ce Za Ta Riƙe Gaɓar Rafi?

Kafin a sayi dashe domin kare gaɓar rafi, wajibi ne a fara duba inda ruwa yake cin ƙasar, domin gaɓar da ruwan sama ke wanke samanta dabam take da wadda ruwan rafi ke ƙwaƙule gindinta har ta zabtare.

A ganina, ciyawar jema ce ta cancanci a fara tunawa da ita, musamman irin nan mai asali daga kudancin Indiya wadda Bankin Duniya ya yaɗa tun shekarun 1980. Saiwoyinta ba sa bazuwa gefe, ƙasa suke nutsawa a cunkushe har tsawon mita 3 zuwa 4 idan ƙasar ta ba da dama, kuma tana jure ambaliya da fari da gobara. Ana raba tushenta a dasa a jere, tazarar santimita 10 zuwa 15, yadda za ta haɗe ta zama shinge mai rage gudun ruwa da tare laka. Mai saye ya tabbatar an ba shi irin da ba ya haihuwa ta ƙwaya, don kada ya mamaye gonaki, sannan ya duba cewa tushen ɗanye ne, saiwarsa ba ta bushe a hanya ba. Babban rauninta shi ne ba ta son inuwa.

Gora kuwa tana burge ido, tana kuma ba da kara mai amfani, amma saiwoyinta a saman ƙasa suke taruwa. Idan ruwa ya rarake ƙarƙashinta, nauyin kurmin kansa yakan fizgo gaɓar ya faɗa rafi da ita. Saboda haka wurinta can baya ne, nesa da bakin ruwa. Haka ma manyan itatuwa, waɗanda sai sun shekara da yawa kafin su kama ƙasa sosai.

Inda gaɓa ta miƙe tsaye kamar bango, babu saiwar da za ta cece ta ita kaɗai. Sai an sassabe ta ta kwanta, an jera duwatsu ko kwandunan waya cike da duwatsu a gindinta, sannan a yi dashe a farkon damina, a kuma killace wurin daga dabbobi har shukar ta kafu.