Matsirgun ruwa na tsaunukan Siri Lanka: wacce ta cancanci kwanakinka da kuɗinka

Kafin ka biya kuɗin masauki a tsaunukan tsakiyar Siri Lanka, ka duba watan da za ka yi tafiyar, domin shi zai nuna maka gefen da ya kamata ka sauka. Tsaunukan sun raba damina gida biyu. Daga Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso yamma ce ke zubar da ruwa a gefen Hatton, Talawakele da Nuwara Eliya. A daidai wannan lokacin lardin Uva da ke gabas, inda Ella, Haputale da Badulla suke, yana cikin rani, kuma nasa ruwan sai daga Oktoba zuwa Janairu. Wanda ya je Ella a watan Agusta da fatan ganin ruwa na ruri zai iya tarar da zirin ruwa kawai a jikin dutse. Wanda kuma ya je Hatton a watan Yuni zai samu ruwa har ya ishe shi, amma hazo na iya rufe masa komai yini guda. Idan kana da zaɓi, Janairu zuwa Maris ne ya fi dacewa da gefen Uva: sama ta washe, koguna kuma ba su janye ba tukuna.

A gefen Uva ne manyan matsirgun biyu suke. Bambarakanda ce mafi tsayi a ƙasar, mita 263, kusan ninki tara na Gurara ta jihar Neja. Ana ratsewa daga babbar hanyar A4 a Kalupahana, a yi kimanin kilomita biyar a ƙaramar hanya, sannan a taka 'yar gajeriyar tafiya cikin itatuwa zuwa gindinta. Sai dai rafin da ke ciyar da ita ƙarami ne, don haka kyanta ya dogara kacokan ga ruwan sama. Bayan damina abin kallo ce, da rani kuwa ba ta kai wahalar zuwa ba. Daga Haputale ta fi kusa. Kar direba ya rarrashe ka ku bi tsohuwar hanyar dutse da ta gangaro daga Ohiya da ƙaramar mota. Ta masu tafiyar ƙafa ce da motoci masu ƙarfin hawan dutse.

Diyaluma, mai mita 220, ita ce ta biyu a tsayi, kuma ga mai lafiyar ƙafa ita ce ta fi biyan kuɗinta. Tana kusa da Koslanda, kuma kallonta iri biyu ne da bai kamata a haɗa su ba. Na farko daga gadar hanyar A4 ne: ka sauka daga mota, ka ɗaga kai, ka ga ruwan yana saukowa, iska na karkata shi gefe kafin ya iso ƙasa. Minti goma sha biyar sun isa, kuma tsoho da yaro duk za su iya. Na biyu shi ne hawa samanta, inda kogin ya fafe dutse ya yi kududdufai hawa-hawa, na ƙarshensu dab da bakin da ruwan ke faɗawa. Hanya biyu ake bi. Daga ƙasa hawa ne mai tsauri na kusan awa guda, cikin rana da doguwar ciyawa. Daga hanyar Poonagala kuwa gangarowa ake yi ta gonakin shayi, kimanin rabin awa. Ta Poonagala ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ka yi magana da direbanka tun farko kan inda zai jira ka, sama ko ƙasa, domin zagayen da ke tsakanin wuraren biyu a mota yana da nisa kuma kuɗinsa daban ne. Giwayen daji kan ratsa yankin, shi ya sa ɗaukar ɗan gari mai rakiya yake da amfani, kuma shi ya sa ba a kaiwa magariba a can.

Idan za ka shiga ruwa a Diyaluma, ka tsaya a kududdufan sama, nesa da baki. Dutsen da ruwa ke bi yana da gansakuka siririya wadda ido ba ya gani, silifas kuma ba ya kama ta ko kaɗan. Babban haɗarin shi ne ruwan da aka yi a can saman tsauni alhali kai rana kake gani. Alamarsa uku: ruwan ya fara komawa ja-ja, ganyaye da ƙirare su fara biyo shi, ƙararsa ta yi nauyi. Ka ga ɗaya daga ciki, ka fita nan take, ka bar takalmi da jaka idan ta kama.

Ravana ita ce mafi sauƙin kaiwa, kilomita shida daga Ella a bakin hanyar Wellawaya, tsayinta kimanin mita 25 a ɓangaren da ake kallo. Sauƙin nan ne ya cika ta da motocin 'yan yawon buɗe ido, masu sayar da dafaffiyar masara da birai masu fizge leda daga hannun mutum. Ka tsaya da sassafe a kan hanyarka ta zuwa Diyaluma, ka kalla, ka wuce. Hawa duwatsunta ya ci rayuka da dama, hoto kuma bai kai wannan ba.

Wadda mutane ke tsallakewa, alhali bai kamata ba, ita ce Dunhinda, kilomita biyar daga Badulla. Tsayinta kimanin mita 64 ne kawai, amma kogin Badulu Oya ne ke ciyar da ita, don haka tana riƙe ruwanta fiye da Bambarakanda idan rani ya yi. Ana biyan ɗan kuɗin shiga, a taka kimanin kilomita ɗaya da rabi a turba mai duwatsu da matakala, a wuce rumfunan masu sayar da shayin ganye da mazarƙwaila, har a isa dandamalin kallo da ke fuskantar ruwan, inda feshinsa ke tashi kamar hayaƙi. Ba wurin wanka ba ne. Ga iyali masu yara da suka iya tafiya, ita ce zaɓi na farko.

A gefen yamma, yawancinsu kallon bakin hanya ne. Devon, mai mita 97, da St Clair, mai mita 80, suna kusa da juna a hanyar A7 wajen Talawakele, tsakiyar gonakin shayi. Tsofaffin hotunan St Clair na iya yaudarar ka: tun da tashar lantarki ta Upper Kotmale ta fara aiki a 2012 aka karkatar da yawancin ruwan kogin, sai wani adadi da ake saki da rana. Ramboda, mai mita 109, tana kan hanyar A5 tsakanin Kandy da Nuwara Eliya. Dukansu sun dace da wanda hanya ta biyo da shi, ba su kai a ware musu kwana ba.

Baker's daban take. Mita 20 ce kacal, kuma tana cikin gandun Horton Plains, sama da mita 2,000 daga teku, inda baƙo ke biyan kuɗin shiga mafi tsada a duk wuraren nan. Kuɗin na zagayen kilomita tara da 'yan kai ne, wanda ya haɗa da bakin kwaren World's End mai zurfin kusan mita 870. Ka isa ƙofa da ƙarfe shida na safe, ka fara da kwaren, domin wajen ƙarfe tara zuwa goma gajimare ke rufe shi, sannan ka biyo ta matsirgar. Ana binciken jaka a ƙwace ledoji, kuma sanyin asuba a can yana buƙatar rigar sanyi ta gaske.

Batun abin hawa, jirgin ƙasan Kolombo zuwa Badulla ya fi komai arha da kyan kallo, amma yana kai ka gari ne kawai: Nanu Oya don Nuwara Eliya, Ohiya don Horton Plains, sai Haputale, Ella da Badulla. Kujerun da ake kamawa tun da wuri suna ƙarewa da sauri, taragon aji na farko mai na'urar sanyaya ɗaki kuma tagoginsa ba sa buɗuwa, don haka na aji na biyu ya fi wa mai son kallo. Ka tabbatar layin na aiki kafin ka dogara da shi, domin zaftarewar ƙasa kan rufe shi, kamar yadda guguwar Ditwah ta yi masa mummunar ɓarna a ƙarshen Nuwamban 2025. Daga gari zuwa matsirga, tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, ya wadatar wa mutum biyu. Ku yanke kuɗin zuwa, jira da dawowa gaba ɗaya kafin ku hau. Mutum uku ko fiye, ko masu tsofaffi, mota da direba ta fi. Tuƙa kanka ba shawara ba ce ga wanda bai saba da tuƙi a gefen hagu na titi da gangara mai lanƙwasa ba, inda yawan taka birki ke sa shi ya yi zafi ya daina kamawa.

Wajen sauka, Ella ta fi yawan masaukai amma ta fi tsada da hayaniya. Bandarawela da Haputale sun fi natsuwa, suna tsakiyar hanyar Diyaluma, Bambarakanda da Horton Plains, kuma akwai masallatai da gidajen abinci na Musulmi. Ka kauce wa ranakun cikar wata, waɗanda hutu ne a ƙasar, da tsakiyar Afrilu lokacin sabuwar shekararsu, domin masaukai kan cika, farashi ya tashi.

Kayan da za ka riƙe kaɗan ne: takalmi mai ƙasan roba mai haƙora, rigar ruwa, ruwan sha, da doguwar safa da za ka cusa ƙafar wando a ciki saboda matsattsaku, waɗanda ke yawa a jiƙaƙƙiyar ciyawa da gonakin shayi. Idan ɗaya ya kama ka, ka zura farce ƙarƙashin bakinsa ka ture shi gefe, ka wanke wurin da sabulu, ka danne da auduga. Jinin kan daɗe yana tsatsafowa saboda sinadarin yawunsa, ba don raunin ya yi zurfi ba. Kar ka sha ruwan rafi, kar kuma ka shiga da buɗaɗɗen ciwo, domin cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a ruwa sananniya ce a ƙasar. Lambar motar ɗaukar marasa lafiya ta kyauta ita ce 1990, sai dai a saman Diyaluma da cikin Horton Plains waya kan rasa sabis, don haka ka sanar da masaukinka inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa.