Kirya, giginya ko turare: wane itace zai riƙe ɗaki a ƙasar fadama?

Duk mai shirin kafa ɗakin katako, rumbu ko rumfar kifi a bakin Kwara wajen Yauri, ko a fadamar Argungu, tambayarsa ta farko ita ce wane itace ya fi ƙarfi. Amma a laka ba itacen ne ke fara gazawa ba, ƙasar ce ke haɗiye shi. Lakar da babban yatsa ke nutsewa cikinta ba wahala, kada a ɗora mata lissafin da ya wuce tan 5 a kan murabba'in mita ɗaya. Da wannan lissafi, gindin dirka mai kaurin santimita 15 abin da zai ɗauka bai wuce kilo 90 ba. Idan aka zaunar da ita a kan faffaɗan dutse mai santimita 50 kowane gefe, sai ta ɗauki sama da tan ɗaya. Saboda haka a tanadi dutsen tun kafin a je taya itace.

A haƙa rami kamar mita ɗaya, ya wuce baƙar ƙasar sama, a zuba tsakuwa ko marmara kaurin santimita 15, a daɓe sosai, sannan a ɗora dutsen. Tazarar dirkoki kada ta wuce mita ɗaya da rabi, a kuma ɗaure su da gicciyen katako don kada su karkace idan ƙasa ta jiƙa. Daɓen ɗakin ya zama sama da inda ruwan ambaliyar 2020 ya tsaya.

Ga zaɓin itace kuwa, kirya ce gaba, babu tantama. Ba banza ake sassaƙa turmi da ita ba, maƙera kuma ke neman gawayinta. Zuciyarta ja ce mai duhu, ga nauyi, ƙusa ma sai an huda mata hanya. Gara ba ta cin ta da sauƙi, kuma tana jure wurin da ya fi kashe dirka, wato daidai bakin ƙasa, inda itace ke jiƙa da damina ya bushe da rani. Aibinta biyu: ba ta cika miƙewa ba, kuma masu gawayi sun sa ta yi ƙaranci, abin da ke da ciwo ƙwarai. Ko gajeru aka samu a saya, domin ƙafar ɗaki ba ta buƙatar tsawo.

Giginya ke bi mata, amma tsohon namiji, kuma ɓangaren gindi, ƙasa da inda kututturen ya kumbura. Ta fi dacewa da azarar da za a shimfiɗa a kan dirkoki. Sandunan turare tsagewa suke yi, su ruɓe a bakin ƙasa. Malaina ta ƙofa ce da benci.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen saye. Wasu na shafa wa ɗanyar darbejiya baƙin mai su ce kirya ce. Ka sa a sare ta da gatari a gabanka: idan cikin fari ne, ka bar musu kayansu. Wasu kiryar gaskiya ce, amma ƙarama, farin bayan ya fi jar zuciyar yawa, shi kuwa farin abincin gara ne. Azara ma a juya bayanta a duba. Idan farce ya shiga, ɓargon tsakiya aka bari da yawa, ko kuma saman itacen aka tsaga. Ta ƙwarai baƙaƙen jijiyoyinta a cushe suke. Akwai masu toshe kogo da laka su shafe da mai, don haka a ƙwanƙwasa kowace dirka daga kai har gindi, mai kogo amonta daban ne. Kada a yi ciniki da almuru, kada kuma a yarda da ɗaurin da aka nuna na samansa kawai. A sa a kwance shi, a zaɓa ɗaya bayan ɗaya, a tsaya har a loda waɗanda aka zaɓa a amalanke.