Kwas ɗin intanet kan mulkin kama-karya: na ƙaru da shi, amma ya manta da Sahel

Ina koyar da darasin Gwamnati a wata sakandare a cikin birnin Katsina, kuma kwanan nan na kammala wani kwas na intanet kan mulkin kama-karya da wata jami'ar ƙasar waje ke bayarwa. Karatun kyauta ne, takardar shaida kaɗai ake biya da dala. Bidiyoyin gajeru ne, ana iya sauke su a waya, wanda ya rage min kashe data sosai.

Abin da ya fi amfanata shi ne yadda masaniyar kimiyyar siyasa Barbara Geddes ta raba irin wannan mulki gida uku: na soja, na jam'iyya ɗaya, da na mutum ɗaya. Bincikenta ya nuna gwamnatin soja ce ta fi saurin faɗuwa, domin kan hafsoshi yakan rabu, kuma da yawansu sun fi damuwa da haɗin kan rundunar fiye da kujerar. Da na kai wannan bayani aji, na haɗa shi da yadda Buhari ya ture Shagari a ƙarshen 1983, abokan aikinsa kuma suka ture shi a Agustan 1985, sai yara suka kama nan take. Har da waɗanda ba sa ɗaga hannu.

Sashen da ke bayanin zaɓaɓɓun shugabanni masu cinye dimokuraɗiyya daga ciki, ta hanyar murɗe kotuna da toshe bakin 'yan jarida, shi ma ya yi kyau. Sai dai misalan duk Orban ne a Hungary da Chavez a Venezuela. Wannan ya dame ni ƙwarai. Ga Mamadou Tandja nan, tsohon shugaban maƙwabciyarmu Nijar, wanda a 2009 ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki don neman tazarce, soja suka cire shi a Fabrairun 2010. Ko ambatonsa ba a yi ba. Juyin mulkin Yulin 2023 da ya kifar da Bazoum ma ba ya ciki, alhali mu nan mun ga yadda rufe iyakar Jibiya ya tsayar da kasuwancin mutane cak.

Ɗalibin kimiyyar siyasa zai ƙaru da kwas ɗin, amma ya zo da Turanci mai ƙarfi, domin malaman suna magana da sauri, tambayoyin ƙarshen mako kuma ba sa sassauci.